Jiki Tukuna, Fenti Daga Baya: Yadda Nake Gane Kan Jirgin Dizal a Tsohon Hoto

Duk wanda ya daɗe yana duba tsofaffin hotunan jiragen ƙasa na Amurka, musamman waɗanda aka ɗauka tsakanin 1940 da 1980, zai lura da wani kuskure da ke yawan maimaituwa a bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto ko a bayansa. Mai rubutun yakan ga launin fenti, ya gane kamfanin da ke da jirgin, daga nan sai ya laƙaba wa kan jirgin sunan samfurin da ya fi yin suna a wannan kamfani, ba tare da ya tsaya ya duba ƙafafu ko rufi ba. Da haka ne kusan duk kan jirgi mai ja da ruwan azurfa na kamfanin jiragen ƙasa na Santa Fe yake zama samfurin F7 a bakin mutane, ko da kuwa F3 ne, ko E8, ko ma PA na kamfanin Alco. A ganina fenti shaida ne mai ƙarfi a kan wanda ya mallaki jirgi da kuma zamanin da aka ɗauki hoton, amma raunin shaidarsa a fili yake idan tambayar ita ce wace masana'anta ta ƙera kan jirgin kuma wane samfuri ne.

Dalilin haka yana cikin yadda dizal ya shigo. A zamanin injin tururi, manyan kamfanonin jiragen ƙasa sukan tsara kawunan jiragensu da kansu ko su ba maƙera umarnin abin da suke so, saboda haka siffar jirgi ita kanta tana nuna mai shi. Da sashen Electro-Motive na General Motors, wanda aka fi sani da EMD, ya fito da samfurin FT a 1939, sai al'amarin ya juya: jiki iri ɗaya ake ƙerawa a masana'antar La Grange da ke jihar Illinois, a sayar wa kamfanoni da dama, bambancin da ya rage a ido shi ne fenti. Har ma fentin a lokuta da yawa masu zane na General Motors ne suke tsara wa masu saye. Wanda ya fi kowanne shahara, wato na Santa Fe da ake kira Warbonnet, mai jan goshi da ratsin rawaya a kan ruwan azurfa, Leland Knickerbocker ne ya zana shi a 1937 don jirgin fasinja na Super Chief, kuma shi ma'aikacin General Motors ne.

Abin da nake fara dubawa shi ne ƙasa, wato ƙafafu. Kan jirgin dizal yawanci yana zaune ne a kan gungun ƙafafu biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a kowane gungu akwai sandunan ƙafa biyu ko uku. Mai biyu-biyu shi ake rubutawa B-B, mai uku-uku da kowace sanda ke da motar lantarki shi ne C-C, shi kuwa A1A-A1A sanda uku ne amma ta tsakiya ba ta da mota, ɗaukar nauyi kawai take yi. Wannan ƙirga ita kaɗai tana raba gardama da yawa. Dangin F na EMD, waɗanda aka fi yi don jan kaya, B-B ne, su kuwa dangin E na fasinja A1A-A1A ne, sun kuma fi tsawo ƙwarai domin injuna biyu ne a cikinsu. Haka nan dangin GP da SD na EMD: fuskarsu kusan ɗaya, amma GP sanda huɗu ne, SD shida. Gungun ƙafafun EMD mai sanda biyu, wanda injiniya Martin Blomberg ya tsara, ana gane shi da sifirin mai ganye-ganye da ke leƙowa a tsakiyarsa, kuma ido yana saurin sabawa da shi. Sai dai akwai tarko a nan, domin a shekarun 1960 wasu kamfanoni sun riƙa mayar da tsofaffin kawunan Alco a matsayin wani ɓangare na kuɗin sababbi, aka cire ƙafafunsu aka sa wa sababbin. Shi ya sa GP30 na Gulf, Mobile and Ohio da GP35 na Ann Arbor suke tsaye a kan ƙafafun da ba na EMD ba, alhali jikinsu na EMD ne tsantsa.

Bayan ƙafafu sai fuska, wadda ke nuna maƙeri. Hancin EMD gajere ne mai kumburi, ya zagaye ta ko'ina. Na Alco PA, wanda aka fara ƙerawa a Schenectady a 1946, dogo ne mai faɗi, da fitila a cikin wani ƙarfe mai tsage-tsage, kuma a ra'ayina babu kan jirgin dizal da ya kai shi kyan tsayuwa. Baldwin yana da samfurin RF-16 mai goshin da ya turo gaba ta sama, wanda masu sha'awar jirage suka laƙaba wa sunan hancin kifin shak. Kawunan Fairbanks-Morse na garin Beloit sukan yi tsayi saboda injinsu mai fistin biyu masu fuskantar juna a silinda ɗaya, injin da ya yi suna a jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. General Electric kuwa, bayan ya rabu da Alco a 1953, ya shigo kasuwar manyan kawunan jirage da U25B a wajen 1960, mai gajeren hanci da jiki sumul da ba shi da yawan tagogin iska. Ba a jima ba kasuwar ta tace kanta, domin Baldwin ya daina ƙira a 1956, Alco ya rufe masana'antarsa ta Amurka a 1969, ko da yake reshensa na Montreal a Kanada ya ci gaba da fitar da irin ƙirarsa.

Inda aikin yake da daɗi, kuma inda ya fi wahala, shi ne cikin dangin F, domin daga gaba kusan ba su da bambanci. Dole sai an sami hoton da ya nuna gefe. FT yana da zagayayyun tagogi huɗu a jere kusa da juna, kuma da zarar an gan su magana ta ƙare. F3 na farko-farko yana da irin waɗannan tagogi uku, da ragar waya a saman gefensa, da fankoki huɗu masu tudu a kan rufi. Da aka ci gaba da ƙera shi sai tagar tsakiya ta ɓace, ragar ta sauko tsakanin biyun da suka rage, daga baya fankokin suka koma gajeru, a ƙarshe kuma aka maye ragar da doguwar tagar iska ta farin ƙarfe, wadda ta bi tsawon jikin. Wannan F3 na ƙarshe kusan tagwaye ne da F7, wanda aka fara a 1949, har ƙarfinsu ma ɗaya ne, doki 1,500. Abin da ke raba su a ido yana kan rufi, bayan ɗakin direba: idan kan jirgin yana da birkin lantarki, wato irin birkin da ke mayar da motocin ƙafafu su zama janareto a ƙona wutar ta zama zafi, to F3 yana fitar da zafin ta dogayen tagogi biyu masu raga, shi kuwa F7 ta fanka guda zagayayya. Idan babu wannan birki, ko kuma mai hoton ya tsaya a ƙasa rufin bai fito ba, to hoton shi kaɗai ba zai raba su ba, sai an koma ga lamba. F9 yana da ƙarin tagar iska ɗaya a gaban zagayayyar taga ta farko, FP7 kuma F7 ne da aka ƙara wa tsawon ƙafa huɗu don a sami wurin ruwan tukunyar ɗumama taragun fasinja, kuma ƙarin yana bayyana a tazarar da ke tsakanin gungun ƙafafun gaba da tankin mai.

Ya kamata a sani cewa waɗannan matakai da ake raba F3 zuwa gare su, na ɗaya har zuwa na huɗu, ba EMD ne ya ƙirƙiro su ba. Masu sha'awa ne suka tsara su daga baya don su fahimci juna, ita masana'anta tana sauya ƙananan abubuwa ne a kan layin ƙira duk lokacin da ta ga dama. Ga shi kuma garejin kowane kamfani yana musanya ƙofofi da fankoki da tagogi yayin gyara, don haka F3 da ya shekara ashirin yana aiki zai iya fitowa a hoto da kayan F7 a jikinsa.

GP7 na 1949 da GP9 na 1954 su ma haka suke rikita mutane. An daɗe ana yaɗa cewa wanda yake da kumburin birkin lantarki a tsakiyar dogon bonet, wato murfin injin, shi ne GP9, wanda ba shi da shi kuma GP7 ne, kuma wannan ba gaskiya ba ne, domin birkin zaɓi ne da mai saye yake biya a sa masa a kowanne daga cikinsu. Kamfanin da layinsa ke hawa duwatsu yakan saya da shi, na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yakan bari. Alamar da ta fi inganci ƙarama ce: a ƙarƙashin ɗakin direba GP7 yana da rukuni uku na tsage-tsagen shan iska, GP9 yawanci ɗaya, sannan GP7 yana da ƙarin layuka biyu a ƙarshen dogon bonet, ƙarƙashin lagireto. A hoton da aka ɗauka daga nesa, ko wanda inuwa ta rufe gefensa, waɗannan tsage-tsage sukan ɓace gaba ɗaya, kuma a irin wannan hali na fi son a rubuta "GP7 ko GP9" da a zaɓi ɗaya da ka.

Daga shekarun 1960 abin ya ɗan yi sauƙi, domin rufi ya fara magana a sarari. GP30 yana da tozo a kan ɗakin direba wanda babu mai irinsa. GP38 mai doki 2,000 ba shi da turbo, don haka bututun hayaƙinsa biyu ne ƙanana, fankokin lagiretonsa ma biyu, GP40 kuwa mai doki 3,000 yana da bututu guda babba da fankoki uku a baya. SD45 mai silinda 20 ana gane shi da lagireton da ya buɗe ya karkata waje ta sama. SD40-2, wanda aka fara a 1972 kuma aka ƙera kusan 4,000, an ɗora shi ne a kan gindin da ya fi jikinsa tsawo, saboda haka yana da faffaɗar baranda a gaba da baya, abin da SD40 na asali ba shi da shi haka.

Sai an gama da jiki nake komawa ga fenti, kuma a nan tambayata ta sauya, ta koma yaushe aka ɗauki hoton. Wasu kamfanoni sun sauya launi sau da yawa, kuma su ne suka fi taimako. Southern Pacific ya yi amfani da baƙin fenti mai ratsin ruwan azurfa da ruwan lemo da ja a kawunan jan kaya har zuwa ƙarshen shekarun 1950, sannan ya koma ruwan toka mai jan hanci. Santa Fe ya ware ja da ruwan azurfa don fasinja, shuɗi da rawaya don kaya, daga 1972 kuma ya ɗauki siffar Warbonnet ya zuba ta da rawaya a kan shuɗi, sai a 1989 ya dawo da jan a kan kawunan jan kaya. Great Northern ya bar ruwan lemo da korensa ya koma shuɗin sararin samaniya a 1967, shekara uku kacal kafin ya narke cikin Burlington Northern a watan Maris na 1970, wanda shi kuma kore ya zaɓa. Union Pacific ne mafi ƙarancin amfani a wannan fanni, domin rawayarsa ta samo asali tun daga jirgin M-10000 na 1934, kuma har yau ita ce, saboda haka dole a nemi lokaci a salon rubutu da tambari.

Haɗewar kamfanoni ita ce ke ba da iyakoki mafi tsauri. Penn Central, mai baƙin fenti da fararen haruffa biyu a sarƙe, ya wanzu ne daga 1 ga Fabrairu 1968, ya karye a 1970, Conrail mai shuɗi ya karɓi layukansa a 1 ga Afrilu 1976. Amtrak, kamfanin jiragen fasinja na ƙasar, ya fara aiki a 1 ga Mayu 1971 da kayan da ya gada, shi ya sa a shekarunsa na farko ake ganin jirgi ɗaya da launukan kamfanoni daban-daban a jere. Misalin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Santa Fe da Southern Pacific, waɗanda suka tabbata a ransu za a amince musu su haɗe, har suka fara shafa wa ɗaruruwan kawunan jirage sabon fenti mai ja da rawaya da baƙin rufi, suka bar gurbin ragowar haruffan sabon sunan a gefe. Hukumar kula da sufuri tsakanin jihohi ta ƙi amincewa a 1986, don haka duk kan jirgin da aka gani da wannan fenti sabo fil, hotonsa na tsakiyar shekarun 1980 ne. Haka kuma ja da fari da shuɗi masu taurari yawanci suna nuni ga bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976.

Amma akwai ƙa'ida guda da ba na sakewa: fenti yana faɗin lokacin da hoto ba zai gabata ba, ba ya faɗin lokacin da ba zai wuce ba. Kan jirgi mai shuɗin Conrail ba zai kasance kafin 1976 ba, amma mai baƙin Penn Central zai iya kasancewa bayan 1976 da shekaru, domin sake wa dubban kawunan jirage fenti yana cin kuɗi da lokaci, kamfanin da ya gaji karyayyun kamfanoni kuwa ba shi ne abin da ya fi damunsa ba. Abin da akan yi shi ne a shafe tsohon suna da buroshi, a buga sababbin haruffa ƙanana da sabuwar lamba a gefen ɗakin direba. Irin wannan faci, wanda masu ɗaukar hoto na lokacin suka raina saboda muninsa, ya fi cikakken fenti daraja ga mai neman kwanan wata, domin yana nuna tsohon mai jirgi da sabo a lokaci guda. Yanayin fentin ma abin lura ne, ko yana ƙyalli, ko ya koɗe har tsohon launi ya fara leƙowa daga ƙasa.

Sannan ba kowane launi da ke hoto ne launin da ke jikin jirgi ba. Yawancin kawunan Pennsylvania Railroad kore ne mai duhu ƙwarai, wanda ko a ido yake kama da baƙi, balle a hoto, kuma mutane da yawa sun rubuta su a matsayin baƙaƙe. A hoton baƙi da fari, tsohon fim da ba ya jin jan haske yana mayar da ja ya zama kusan baƙi, wani fim ɗin kuma yakan sa ja da kore su fito da duhu iri ɗaya, ta yadda ratsin da ke raba su zai ɓace. A irin wannan hoto siffar ratsi ake bi, ba duhunsa ba, misali ratsin walƙiya na New York Central ko sirararan layuka biyar na Pennsylvania. A fim mai launi, Kodachrome da ya fito a 1935 ya riƙe launinsa sosai idan an adana shi a duhu, shi ya sa hotunan da Jack Delano ya ɗauka wa gwamnatin Amurka a kan layin Santa Fe a 1943, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar, har yanzu ana dogara da su. A cikinsu akwai na wani FT da ake wankewa a garejin Argentine na jihar Kansas, wanda bayanin hoton ya ce dokinsa 5,400 ne, wato kawuna huɗu a haɗe, kowanne 1,350. Wasu finafinan na shekarun 1950 da 1960 kuwa sun rine sun koma ja-ja, har ruwan toka yakan zama ruwan hoda. Kwanan watan da ake bugawa a kwalin fim ma na ranar wanki ne, ba na ranar ɗauka ba, kuma fim yakan kwana watanni a cikin kyamara.

Idan fenti ya gaza gaba ɗaya, ƙarfen da mai saye ya ƙara wa jirginsa yakan tona asalinsa. A zamaninsa, Pennsylvania yana da dogayen ƙarafa biyu a kan rufi masu kama da abin dafawa, alhali eriyar na'urar sadarwarsa ce. Southern Pacific ya riƙa cika goshin jiragensa da fitilu, har da ja da mai juyawa. Southern da Norfolk and Western sun ci gaba da sayen masu dogon hanci shekaru bayan sauran kamfanoni sun koma gajere. SD45T-2 da SD40T-2, masu shan iskar lagireto ta ƙasa saboda hayaƙi da zafin da ke taruwa a saman ramukan duwatsu, Southern Pacific da reshensa Cotton Belt da Rio Grande ne suka saye su sababbi. Waɗannan alamu suna bin kan jirgi duk inda aka sayar da shi, ko an shafa masa fenti nawa. Akwai kuma ƙananan abubuwa masu nuna shekara: allon nan mai ratsi-ratsi masu launi da na'ura ke karantawa, wanda aka riƙa mannawa a gefen taragu da kawunan jirage daga 1967 har aka watsar da tsarin a ƙarshen shekarun 1970, da kuma ƙananan fitilu biyu na ƙasan goshi, waɗanda doka ta wajabta a Amurka zuwa ƙarshen 1997.

Lamba ce abu na ƙarshe da nake dubawa, duk da cewa ita ce ta fi sauƙin gani, saboda lamba ba ta da ma'ana sai an san kamfani da shekara. Santa Fe ya sake wa yawancin kawunan jiragensa lambobi a wajen 1969 zuwa 1970, kowace haɗewa kuma tana zuwa da sabon jeri, sannan lambar da aka cire daga tsohon kan jirgi akan ba sabo. Idan abin da rajistar kamfani ta faɗa game da lambar ya dace da abin da ƙafafu da rufi suka nuna, to an kammala. Idan suka saɓa, ko dai shekarar da aka ɗauka ba daidai ba ce, ko kuma an sake ƙera kan jirgin. Illinois Central ya yi wannan aiki a garejinsa na Paducah, inda GP7 da GP9 suka fito da gajeren hanci da sababbin matatun iska da sunayen GP8 da GP10. Santa Fe ya wuce nan, domin a garejinsa na Cleburne a jihar Teksas, tsakanin 1970 da 1978, ya feɗe jikin tsofaffin kawunan F guda 233 ya ɗora musu bonet da baranda, ya kira su CF7. Wanda ya ga ɗayansu a hoto zai sami ƙafafun Blomberg da injin EMD a ƙarƙashin jikin da EMD bai taɓa ƙerawa ba, kuma da yake Santa Fe ya sayar da yawancinsu ga ƙananan kamfanoni a shekarun 1980, fentin da ke kansu a hoton zai iya zama na kamfanin da bai taɓa mallakar F7 ko guda ba.